Filin wasa ko gidan kallo, ina za ka je ran Lahadi a Jos?

Yawancin samarin Unguwar Rogo da Gangare gidan kallo suke tafiya, kuma ba laifinsu ba ne, kuɗin shiga kaɗan ne, ga Firimiya ga Laliga duk a zama ɗaya, ga shi kusa da gida. Matsalar dai janareta, ana tsaka da bugun fanareti sai ya mutu, ga zafin ɗaki ga musun 'yan Madrid da Barca da ba ya ƙarewa.

Amma filin Zaria Road fa daban ne wallahi. In Plateau United na gida, wajen ƙarfe huɗu na yamma za ka ga Bahaushe da Birom da Ngas a benci ɗaya ana ihu tare ana kiɗa, abin da ba kullum ake gani a garin nan ba. Kar a manta ƙungiyar nan ta ɗau kofin lig na Najeriya a 2017, mu ne dai muka raina namu. Eh ƙwallon bai kai na Turai kyau ba, alkalan wasa ma wani lokacin sai a hankali, sannan akwai kuɗin abin hawa zuwa da dawowa.

Ni dai in suna gida fili zan je, in lokacin hunturu ne ku ɗauki rigar sanyi.