Na gwada kulan ɗin Toyota ruwan hoda a Corolla ta, ga yadda ta kasance

Mota ta Corolla ce 2010 'yar Kwatano, kuma tun da na saye ta abin da nake yi shi ne abin da kowa ke yi, in ruwa ya sauka a lagireto na fasa ledar fiya wata guda biyu na zuba, wani lokaci na sayi wannan koren kulan ɗin (ruwan sanyaya injin) da ake jerawa a bakin titi na ƙara a kai. A haka muke tafiya har wata rana cikin watan Afrilu, zafin nan na Kano da ke haura 40, ina cikin gosulo da AC a kunne sai na ga allurar zafi tana hawa. Na gangara gefe na jira ta huce, da na buɗe murfin abin da na gani ba ruwa ba ne, wani abu ne ja-ja mai kauri kamar kunun kanwa, bakin lagireton duk ya yi ɓawon tsatsa.

Mai gyaran lagireton da wani abokina ya tura ni wajensa dattijo ne, ya tsoma yatsa ya murza ya ce "Alhaji ruwan bohal ne da kulan kala-kala suka haɗu suka kashe maka ita." Ya nuna min tiyon sama da ya kumbura, sannan ya nuna min inda wani bakanike ya cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har sai injin ya ɗauki zafi, tun kafin motar ta zo hannuna. Shi ne ya ce in je in nemo Toyota Super Long Life Coolant, wanda yake ruwan hoda, in kuma sayo tamostat sabo da murfin lagireto mai lamba 1.1.

Abin da ya fara burge ni da shi, a haɗe yake zuwa, rabi sinadari rabi tataccen ruwa, ba sai ka tsaya awo ba, daga galan sai cikin mota. Mu nan ba ruwanmu da ƙanƙara, shi ya sa mutane ke cewa ai kulan na Turawa ne, amma aikin sa ya wuce hana daskarewa. Ruwa zalla a 100 yake tafasa, wannan haɗin in murfi yana riƙe iska yadda ya kamata sai ya haura 120 bai tafasa ba, kuma babban abin shi ne maganin tsatsar da ke ciki, don injin ɗin nan alminiyom ne, ruwan bohal kuma yana ajiye farin gishiri a cikin siraran hanyoyin lagireto kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, a hankali ya toshe su. Littafin motar ya ce wanda aka zubo daga kamfani yana kai kilomita 160,000 ko shekara 10, bayan nan duk kilomita 80,000 ko shekara 5 a canza. Koren nan na da, ko mai kyau ne shekara 2 ake ba shi.

Aikin canzawar ya ci mana kusan yini, kuma a nan na yaba wa dattijon. Bai taɓa motar ba sai da ta huce sarai. Ya kwance mafitar ruwa ta ƙasa ya cire tiyo, ya fitar da lagireton ya wanke shi daban, ya mayar, sannan ya cika da tataccen ruwa irin na batir wanda babu acid a ciki ya tada injin ya zubar, sau uku yana yi har ruwan ya dinga fitowa garau. Ya ce dole a tsiyaye na ƙarshen sosai don in ya yi saura a cikin injin zai tsinka sabon kulan ɗin tunda dama haɗaɗɗe ne. Da ya zo zubawa ya kafa mazurari a baki, ya kunna hita ya ƙure ta, yana matsa tiyo da hannu kumfa na fitowa ɓul ɓul, bai rufe ba sai da fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Motar ta sha lita 5 da wani abu, galan biyu na saya, ragowar tana but. Tsohon ruwan kuma a jarka ya tara bai bari ya malala ba, ya ce zaƙi gare shi kuma guba ne, akuya ko yaro in ya sha ƙoda yake kashewa, kuma wallahi akwai awaki suna yawo a garejin.

Yanzu wata takwas kenan. Na je Kaduna na dawo ba sau ɗaya ba, allura tana tsayawa ƙasa da rabi kaɗan ba ta motsi, ruwan da ke cikin robar gefe har yau kalar sa ɗaya, sau ɗaya kawai na ƙara kaɗan a satin farko da ragowar iska ta fita. Da safe injin yana ɗaukar zafi da wuri tunda tamostat ya dawo, har mai na ga ta rage sha.

Inda nake da ƙorafi, kuɗi ne, gaskiya yana da tsada, kuma rabin abin da ka biya ruwa ne. In tiyo ko wata fam ɗinka (famfon da ke zagaya ruwa a injin) na yoyo kada ma ka fara, gyara tukuna, in ba haka ba kuɗinka ne zai tsiyaye a titi. Sai kuma jabu, sun yi yawa a kasuwa, wani ruwa ne kawai da kala a galan mai kama da na gaske, ni sai da na tafi da yaron dattijon ya duba hatimin murfi da rubutun jiki kafin na biya.

Kuma don Allah kar wani ya ga na yabi ruwan hoda ya je ya zuba a kowace mota. Kalar rini ce kawai. Na Honda shuɗi ne, na Volkswagen irin su G12 da G13 suna kama da na Toyota a ido amma haɗin su daban, motocin Japan ba sa son sinadarin siliket saboda sil ɗin wata fam, na Turai kuma da yawa suna gudun sinadarin fosfet. Maƙwabcina mai Golf ya zo zai karɓi ragowar nawa na hana shi, na ce ya buɗe littafin motarsa ko ya karanta abin da aka rubuta a jikin robar kulan ɗin, a can zai ga lambar da za a sayo masa.