Tempe na ganyen ayaba a kasuwar safe ta Yogyakarta: abin da na gani bayan wata shida ina dafa shi

Da na daina cin nama, abin da ya fara damuna shi ne yadda zan cike gurbinsa a tukunya, domin wake da shinkafa kullum yana gundurar mutum, awara kuwa, wadda mutanen Indonesiya ke kira tahu, ba ta riƙe ciki yadda nake so. Maƙwabciyata ce ta nuna mini teburin wata dattijuwa a ƙaramar kasuwar unguwarmu da ke birnin Yogyakarta na ƙasar Indonesiya, wadda ba ta sayar da komai sai tempe, kuma tun daga ranar a wurinta nake saye.

Ga wanda bai san shi ba, tempe abincin mutanen tsibirin Java ne da ake yi da waken suya. Ana jiƙa waken, a cire ɓawonsa, a dafa shi, a barbaɗa masa ƙwayar wata funfuna mai suna Rhizopus, sannan a ƙunshe shi a ajiye a wuri mai ɗumi tsawon kwana ɗaya zuwa biyu. Funfunar ce ke saƙa farin zare tsakanin ƙwayoyin waken har su haɗe su zama curi guda da ake yankawa da wuƙa. Bahaushen da ya san daddawa ba zai yi mamakin wannan hikima ba, sai dai daddawa ɗanɗano take ba miya, shi kuwa tempe shi ne abincin da kansa, kuma a kowane giram 100 nasa akwai furotin wajen giram 19.

Dattijuwar tana ƙunshe nata a ganyen ayaba, ta soke bakin da tsinke. Idan na isa da sassafe nakan tarar da ƙunshin da sauran ɗumi, domin funfunar tana kan aikinta, kuma idan aka buɗe za a ga fari tas kamar auduga, yana ƙamshi mai kama da na ɗanyar gyaɗa. Idan aka danna shi da yatsa ba ya lotsewa, idan aka yanka shi siriri ba ya marmashewa, kuma a wurina wannan ce babbar alamar tempe mai kyau. Na gwada na babban kanti da ake zubawa a leda sau da yawa. Yana da tsabta, ya fi daɗewa a firij, amma ƙamshinsa bai kama ƙafar na ganye ba, kuma sau biyu na ci karo da wanda wakensa bai gama haɗewa ba, ya watse a cikin mai. Kuɗin ƙunshi ɗaya a wurin dattijuwar bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da nama ko kifi.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauke shi tamkar nama, na jefa shi ɗanye cikin miyar tumatir na bar shi ya yi ta tafasa, sai ya fito da ɗan ɗaci, kuma miyar ba ta ratsa shi ba. Da na ba dattijuwar labari sai ta yi dariya, ta nuna mini da hannu cewa a fara tsoma shi a ruwan gishiri da dakakkiyar tafarnuwa kafin a soya. Haka nake yi yanzu: in yanka shi kaurin rabin yatsa, in jiƙa na minti 10, in soya har gefensa ya yi ja, sannan in barbaɗa masa yajin ƙuli da na zo da shi daga gida, wanda nake ta tattalinsa kamar magani. A haka cikinsa yana nan da taushi, bayansa yana ƙaras-ƙaras. Idan miya zan saka shi, sai in turara shi tukuna, in soya sama-sama, in zuba shi daf da saukewa.

Mutanen nan suna da nasu hanyoyin. Akwai mendoan, na yankin Banyumas, wanda ake tsomawa a ƙullun fulawa a soya shi sama-sama, kuma shi na fi so. Akwai bacem, da ake dafawa da sukarin kwakwa mai kama da mazarƙwaila har ya yi duhu, amma zaƙinsa ya yi wa harshena yawa. Wanda ba ya cin naman kowace dabba ya kula da miyar barkonon da ake kawowa tare da soyayyen tempe a gidajen abinci, domin sau da yawa ana saka mata terasi, wato niƙaƙƙen jatan lande. Haka kuma kada ya dogara da tempe wajen samun bitamin B12.

Matsalar na ganye ita ce ba ya jiran mutum. A zafin garin nan, kwana biyu a waje ya isa ya fara baƙin ɗigo-ɗigo, wanda ba ya cutarwa, amma idan ya yi yauƙi ko ya canza launi zuwa ruwan hoda, zubar da shi ne kawai. Tsakanin nan da can akwai wanda ya wuce nuna, warinsa ya yi ƙarfi, wanda masu girki a Java ke jefa ɗan guntunsa a miyar ganye yadda muke jefa daddawa. Na gwada shi a miyar alayyafo, kuma ya karɓe ta fiye da yadda na zata.

Ɗayar matsalar ita ce dattijuwar ba ta kawowa da yawa, kuma masu sayar da abinci ne ke fara kwashewa. Wanda ya je bayan ƙarfe takwas na safe ganyen da ya rage kawai zai tarar a kan teburin, shi ya sa nake sayen ƙunshi uku a lokaci ɗaya, in dafa ɗaya a ranar, in turara biyu in saka su a firiza.