Ƙwannafi: Ƙaurace wa Abinci ko Gyara Lokacin Ci da Kwanciya?

Malam, ka ce watanni uku ke nan da ka daina cin barkono da tumatir da lemon zaƙi, ka kuma rabu da gahawa, amma har yanzu ƙwannafi yana tashe ka cikin dare, ruwa mai tsami yana taso maka har maƙogwaro. Kana son ka san ko za ka ƙara yawan abincin da ka hana wa kanka ne, ko kuwa za ka karkata ga gyaran yadda kake ci da yadda kake kwanciya. Zan jera hanyoyin biyu kusa da juna, domin ba wuri ɗaya suke taɓawa a jiki ba, kuma hujjar da ke bayansu ba ƙarfinta ɗaya ba.

A ƙarshen bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa tumbi akwai wani zoben tsoka wanda ke buɗewa idan loma ta iso, sannan ya koma ya tsuke. Bangon tumbi yana da wata yauƙi da ke kare shi daga asid ɗin da yake narka abinci da shi, amma bututun ba shi da irin wannan kariya, saboda haka ko ɗan kaɗan ne ya hauro sama sai mutum ya ji ƙirjinsa yana ƙuna. A wajen mafi yawan masu ƙwannafi, asid ɗin bai wuce kima ba. Ƙofar ce take sakewa a lokacin da bai kamata ba. Ka ɗauke ta kamar kwalba mai sakakken murfi: idan tana tsaye kuma ba a cika ta ba, ba ta zubar da komai, amma da zarar an cika ta, ko an matse ta, ko an kwantar da ita, sai ta fara ɗiga.

Hanyar ƙaurace wa abinci tana aiki ne a kan murfin da kuma zafin abin da ke ɗigowa. Abinci mai maiƙo sosai yana daɗewa a tumbi kuma yana sassauta zoben, haka ma cakulan da na'a-na'a da barasa, shi kuwa lemon kwalba mai gas yana kumbura tumbi har gyatsa ta taho da ruwan tsami. Barkono da tumatir da lemo ba su cika buɗe ƙofar ba, abin da suka fi yi shi ne ƙara wa bututun raɗaɗi idan dama ya riga ya sha ƙuna. Wannan ne ya sa abin da ka bari, ban da gahawa wadda ita ma kan iya sassauta zoben, zai iya rage maka zafi da rana ba tare da ya hana ruwan hauro maka da dare ba.

Raunin wannan hanya shi ne, jerin abincin da ake yawo da shi bai hau kan kowa daidai ba. A shekarar 2006 wasu likitoci a Amurka sun tattara binciken da aka yi a kan gyaran rayuwa ga masu wannan larura, suka buga a mujallar Archives of Internal Medicine, kuma ba su sami ƙwaƙƙwarar shaida ba cewa daina gahawa ko cakulan ko lemo ko abinci mai yaji yana magance ciwon ga kowa da kowa. Abu biyu ne suka ga shaida ta tsaya musu: rage ƙiba da ɗaga kan gado. Wannan ba ya nufin abinci ba ya tayar da ƙwannafi; yana nufin kowa da nasa. Saboda haka dabarar da ta fi ita ce ka riƙa rubuta abin da ka ci da lokacin da ka ci da abin da ka ji na tsawon mako biyu, ka janye abu ɗaya kacal a lokaci guda, sannan ka dawo da shi ka gani. Wanda bai dame ka ba, ba ka da dalilin hana kanka shi, kuma na sha ganin masu ƙwannafi sun taƙaita cimarsu har sun rame alhali ciwon yana nan daram.

Hanya ta biyu tana aiki ne a kan cikar kwalbar da matsewarta da kwanciyarta, kuma a nan ne nake ganin taka matsalar take, tunda da dare abin yake zuwar maka. Tumbi yana buƙatar sa'o'i kafin ya tura abinci gaba, shi ya sa ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2022, ta ba da shawarar a bar tazarar sa'o'i 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya. Idan mutum yana zaune ko yana tafiya, abin da ya hauro yana komawa ƙasa da kansa, kuma yana haɗiyar miyau wanda ke wanke bututun ya kashe kaifin asid. Idan ya yi barci kuwa, miyau yana raguwa, haɗiya tana raguwa, sai asid ɗin ya daɗe a inda ya tsaya. Ko da abincin dare ba shi da barkono ko ƙwaya ɗaya, in dai an cika ciki an kwanta nan take, ƙwannafi zai zo.

Ɗaga kan gado kuma yana da ƙa'idarsa. Ana so a ɗaga ƙafafun gadon na wajen kai da kamar santimita 15 zuwa 20, ko a saka wani abu mai gangara a ƙarƙashin katifa, yadda jiki zai karkata tun daga kafaɗa har ƙugu. Tara matasai a ƙarƙashin kai ba ya yin wannan aiki, sai ma ya lanƙwasa mutum a tsakiya ya ƙara matse ciki. Kwanciya a kan ɓarin hagu ita ma tana taimakawa, saboda tumbi ya karkata ne zuwa hagu, don haka ruwan yana taruwa a ƙasa da ƙofar. A kan ɓarin dama kuwa ƙofar ce take nutsewa a cikinsa.

Ƙiba, musamman teɓa, ita ce hannun da ke matse kwalbar dare da rana. Wani babban bincike a kan mata ma'aikatan jinya fiye da 10,000 a Amurka, wanda aka buga a 2006, ya nuna cewa alamun ƙwannafi suna ƙaruwa daidai da ƙaruwar nauyin jiki, har a tsakanin waɗanda nauyinsu bai kai a kira su masu ƙiba ba. Ɗamara ko bel mai matse ciki yana yin irin wannan aiki a taƙaice. Taba sigari kuwa tana sassauta zoben kuma tana busar da miyau.

Ta fuskar sauri, janye abincin da ke tayar maka da ciwo da gyara lokacin cin abincin dare duka suna nuna sakamako cikin kwanaki, rage ƙiba ne kawai yake ɗaukar watanni. Wanda ƙwannafinsa ke zuwa jim kaɗan bayan wani takamaiman abinci da rana, hanya ta farko ce tasa. Kai da yake tashe ka cikin dare, ka fara da matso da abincin dare da wuri, ka rage yawansa da maiƙonsa, ka ɗaga gadon, ka gwada mako biyu zuwa uku kafin ka sake hana kanka wani abu. Madara da wasu ke sha kafin barci tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, amma daga baya tana sa tumbi ya ƙara fitar da asid, don haka kada ka dogara da ita.

Ka kuma duba magungunan da kake sha, domin ibuprofen da aspirin da doxycycline suna iya ƙona bututun, wasu magungunan hawan jini irin su nifedipine kuma suna sassauta zoben. Amma kada ka daina maganin da likita ya rubuta maka sai ka koma wurinsa. Idan ƙwannafin yana zuwa sau biyu ko fiye a mako duk da wannan gyara, lokacin ganin likita ya yi, wataƙila ya ɗora ka a kan maganin rage asid ɗin tumbi, wato omeprazole ko makamancinsa, wanda ake sha minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Idan kuwa abinci yana maƙale maka wajen haɗiya, ko kana rama ba dalili, ko ka yi aman jini, ko bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin, to kada ka jira mako biyun nan. Ciwon ƙirji da ke zuwa da zufa ko sarƙewar numfashi, ko yake sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, yana iya zama na zuciya, kuma mai irin wannan ciwo asibiti ake kai shi nan take.