Sharhi Kan 'Yan Tsanan Roba Masu Haske a Cikin Duhu

Tun da kamfanin Funko na Amurka ya fito da 'yan tsanansa masu manyan kawuna a shekarar 2010, tara mutum-mutumin roba ya ƙara bunƙasa a tsakanin manya, kuma kamfanoni da dama a Amurka da Japan da Sin suna fitar da irin nasu. A cikin abin da ake sayarwa, waɗanda aka manna wa takardar cewa suna haske a cikin duhu sukan fi 'yan uwansu tsada, musamman a hannun masu saye su sake sayarwa. Wannan sharhi a kan guda biyu ne na wani ƙaramin kamfani da na saya daga wani shagon intanet: fatalwa mai launin fari da ɗan kore, wadda ba a shafa mata fenti ba sai a idanu, da kuma wani jan dodo da fenti ya rufe kusan duk jikinsa.

Ta fuskar ƙira ba ni da wani ƙorafi. Robar tana da kauri, mahaɗar kai da wuya ba ta fito fili ba, fentin bai tsallake iyakarsa ba, kuma kwalin ya iso ba tare da ya lotse ba. Maganar tana wajen hasken, domin shi ne dalilin ƙarin kuɗin, kuma a nan su biyun suka sha bamban ƙwarai. Fatalwar tana ba da koren haske mai ƙarfi da farko, sannan ya yi ta raguwa a hankali, har ana iya ganin siffarta bayan sa'o'i idan ɗakin ya yi duhu sosai. Dodon kuwa ɗan ja-ja ne kawai yake bayyana a ƙahoninsa da faratansa, kuma kafin a daɗe ya ɓace. Ko kusa bai kai abin da aka nuna a hoton talla ba.

Domin a yi wa kayan adalci, ya kamata a san yadda hasken yake samuwa. Ana cakuɗa robar ko fentin da wata hoda da ke zuƙar haske, ta riƙe ƙarfinsa, sannan ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Tsohuwar ita ce zinc sulfide da aka sanya wa ɗan tagulla, mai araha, wadda haskenta yake dushewa cikin mintuna. Sabuwar ita ce strontium aluminate da aka haɗa da europium da dysprosium, wadda kamfanin Nemoto na Japan ya samar a 1993, kuma ita ce ake amfani da ita a hannun agogo masu tsada da alamomin hanyar fita ta gaggawa. Ta ninka tsohuwar kusan sau 10 a ƙarfin haske da daɗewa. Babu wadda take da alaƙa da radium da aka shafa wa agoguna a farkon ƙarni na 20 ya halaka mata ma'aikata a Amurka, don haka wannan fargabar ba ta taso ba. Masu ƙera 'yan tsana ba su cika rubuta irin hodar a jikin kwali ba, amma tsawon lokacin da hasken yake ɗauka yana tona asiri, haka kuma yawan hodar da aka zuba, domin wanda ya yi rowarta ba zai samu haske ba ko da ya sayi mafi kyawu.

Launi ma yana da nasa tasiri, kuma shi ne babban abin da ya kayar da dodon. Idon ɗan Adam a cikin duhu ya fi ganin launin da ke tsakanin kore da shuɗi, wanda kuma shi ne asalin launin hodar, alhali ja da ruwan lemo su ne mafi rauni, sun kuma fi saurin mutuwa. Idan aka ƙara da fenti mai kauri a sama, wanda yake tare haske wajen shiga da kuma wajen fita, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. A ganina sayar da jan mutum-mutumi mai cikakken fenti a farashi ɗaya da kore marar fenti rashin adalci ne ga mai saye.

Sai dai ba kowane rauni ne laifin kamfani ba. Hodar tana buƙatar hasken UV, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ko shuɗin haske kafin ta cika, kuma ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa da ake sa wa ɗakin kwana kaɗan yake ba ta. Ƙaramar tocilar UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, tana cika ta cikin daƙiƙu, kuma da ita fatalwar ta nuna iyakar abin da take iyawa. Barinta a ƙarƙashin tocila na tsawon lokaci ba ya ƙara komai, kamar dai tulu ne, in ya cika sauran ruwan zubewa yake yi. Akwai kuma batun ido, wanda yake buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, saboda haka wanda ya kashe fitila yana riƙe da waya a hannu zai yanke wa kayan hukuncin da bai dace ba. Hotunan talla kuwa galibi ana ɗaukarsu ne da kyamara da aka bar idonta a buɗe na daƙiƙu da yawa, wasu ma tocilar tana kunne, abin da ya kamata shaguna su faɗa a fili.

Dushewar da ba ta gyaruwa daban take da wannan. Yawan caji ba ya gajiyar da hodar, amma danshi yana lalata strontium aluminate idan ya kai gare ta, kuma zinc sulfide takan yi toka-toka idan rana da laima suka haɗu a kanta. Ita kanta robar PVC rana tana mayar da ita ruwan ɗorawa, wanda yake zama wani shamaki ga hasken, zafi kuma yana sa man da ke tausasa ta ya tsatso waje, jikin ya riƙa danƙo yana kama ƙura. Wannan ya shafi duk mai ajiye irin waɗannan kaya a ƙasa mai zafi irin tamu, inda ɗaki mai rufin kwano yake turiri a watan Afrilu, laima kuma ta shiga ko'ina a watan Agusta. Ajiye su a bakin taga don su sha rana, kamar yadda wasu masu sayarwa suke ba da shawara, hanya ce ta samun haske yau a rasa shi baɗi. Wuri mai inuwa da iska, tare da ɗan ƙullin silika mai shanye danshi a cikin kabad da gogewa da busasshen ƙyalle mai laushi, ya wadatar.

Fatalwar ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin a haɗa da kuɗin tocilar UV a lissafi. Dodon kuma kyakkyawan mutum-mutumi ne da rana, amma wanda yake sonsa gara ya nemi na yau da kullum marar takardar haske, ko ya buƙaci mai shago ya turo masa bidiyon da aka ɗauka bayan an kashe tocila da minti 10 kafin ya biya.