Ranar sauka daga jirgin ruwan shaƙatawa: ka ja jakarka da kanka ko ka bar musu?

Ɗan yayata da ke aiki a Kaduna ya zo gaishe ni Samaru ranar Asabar, baki har kunne, wai ya tara kuɗi zai kai amaryarsa yawon mako guda a jirgin ruwa. Ya yi ta nuna min hotuna a waya: ga ɗakin kwana, ga wurin cin abinci, ga tafkin wanka a can saman bene. Na ce masa duk na gani, Allah ya sanya alheri, amma ranar da za ku sauka ƙarfe nawa jirginku na sama zai tashi? Ya duba ya ce, "Sha ɗaya saura kwata na safe ne, Kawu. Ejan ya ce jirgin ruwan ƙarfe 7 yake isowa, akwai lokaci sosai." Sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna, don irin wannan maganar aka taɓa yi min, na kuwa ɗanɗana kuɗata.

Ƙarfe 7 ɗin da ka gani a takarda lokacin da jirgi zai jingina da gaɓa ne, ba lokacin da ƙafarka za ta taka ƙasa ba. Sai an ɗaure shi, an kafa gadar fita, jami'an shige da fice da na kwastan sun ba shi izini, sannan a buɗe ƙofa. Kuma ba mutum ɗari ne a ciki ba. Manyan jiragen yanzu gari guda ne: Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600 in ya cika. Ka ɗauka an sallame idi, aka ce duk jama'ar filin ta ƙofa biyu za su fita, kowa kuma sai an duba katinsa. Ga shi kamfani na son jirgin ya zama wayam wajen ƙarfe 10, domin kafin azahar sabbin fasinjoji sun fara shiga, ɗakinka ma tun wajen 8 za a ce ka bar shi a gyara. To, a cikin wannan 'yan awannin ne za ka zaɓi yadda za ka fita.

Hanyar da suke fara tallata maka ita ce ka bar musu kaya. Kwana ɗaya ko biyu kafin ƙarshen tafiya za a ajiye maka wasu takardu masu launi ko lamba a ɗaki, ka ɗaura a hannun kowace jaka, ka fitar da ita ƙofar ɗaki da daddare kafin lokacin da suka yanka, galibi tsakanin 10 da 12 na dare. In ka leƙa lungun ɗakuna a daren nan za ka ga jakunkuna jere tun daga wannan ƙarshe har wancan, kowace da wutsiyarta ja ko shuɗiya ko ruwan ɗorawa, sai ka rantse sansanin alhazai ne ana awon kaya. Da safe ka je ka zauna inda aka ce masu launinka su taru, ka jira kira. In rabonka ya faɗa rukunin farko, kafin 8:30 ka fita. In na ƙarshe ne, kana nan har 10, ga yara na kuka, ga kujeru duk an cinye. In ka sauka kuma sai ka shiga wani ƙaton zaure ka nemo jakarka cikin ɗaruruwa, rabinsu baƙaƙe iri ɗaya. Ga dattijo, ko mai ciwon gwiwa, ko mai ƙananan yara uku, ba laifi, wannan ce tasu. Ni dai na yi sau ɗaya na tuba.

Wadda nake so, kuma wadda nake ba kowa shawara, ita ce ka riƙe kayanka a ɗaki ka ja abinka da kanka. Kusan duk manyan kamfanoni suna da wannan tsari, kuma masu shi ake fara buɗe wa ƙofa da zarar hukuma ta sallami jirgi, tun kafin a kira launi ko ɗaya. Ba a biyan ko sisi. Wasu kamfanonin suna son ka shaida musu tun da wuri, ko a takardar da suka ajiye maka ko a manhajarsu ta waya, don haka ka karanta takardar, kada ka shimfiɗa ta ka ɗora kofi a kai. A tafiyata ta biyu ni da Hajiya mun yi asuba a ɗaki, muka hau sama muka karya tun ana buɗe wurin abinci, muka dawo muka ja jaka ɗaya-ɗaya. Daga lokacin da aka yi shela zuwa lokacin da na ji iskar waje a bakin titi bai kai minti 25 ba. Na miƙa katin jirgi, na'ura ta yi ƙara, hotona ya fito a allo, mai gadi ya ɗaga hannu, shi ke nan.

Daɗinta ba a saurin kaɗai yake ba. Kayanka ba su kwana a waje ba, babu wanda ya jefa su a keji ya ɗora wasu goma a kai. Maganinka na hawan jini yana tare da kai, fasfo yana tare da kai, kayan da za ka sa da safe ma haka. Kada ka yi dariya, akwai wanda ya tura komai da daddare har da takalmi, ya wayi gari da jallabiyar barci da silifas na banɗaki. Sannan kai ne farkon isa layin tasi, tun direbobi ba su fara yanga ba. In tashar ana duba fasfo ne a bakin fita, kai ne a gaban layi, kuma mai koren fasfo ya san abin da hakan ke nufi, don namu ba a cika duba shi da sauri ba.

Wahalarta ɗaya ce, lif. Da safen nan kowace lif ta zo a cike take, sai ka tsaya ta buɗe ta rufe sau biyar kana kallo. Dabarar ita ce ka shiga mai hawa sama ka dawo ƙasa da ita, ko in ɗakinka bai yi nisa da benen fita ba ka bi matakala. Ma'aikata ba za su taya ka ba, sharaɗin ke nan. Shi ya sa nake cewa tun daga Zariya ake shirya wannan fitar: jaka guda mai taya huɗu ga kowane mutum. Hajiya ta so tafiya da uku, har da wata Ghana-mos-go ta tsaraba. Na ce, "Hajiya, duk jakar da ba za ki iya ja da hannunki ba, a gida za ta kwana." Ta ce, "Alhaji, ai sai ka ce gudun hijira za mu." Da muka fito muka bar mutane zaune jugum suna jiran launi, ita da kanta ta ce gaskiyata.

Akwai fitar alfarma da ake ba masu manyan ɗakuna ko waɗanda suka sayi wani tsari na musamman. Kuɗi ne a kan abin da mai jan jakarsa ya samu kyauta. Motar kamfani mai kai mutane filin jirgi kuwa ba ta tashi sai ta cika, kamar motar Kano a Kwangila, bambancin kawai wannan da kuɗin waje ake biya. Sai yawon gari na rana ɗaya da ke ƙarewa a filin jirgi, wanda yake da amfani in jirginka na dare ne kuma ba ka da inda za ka ajiye kaya.

Amma duk wannan lissafin banza ne in tikitin dawowarka ya matse. Abin da ya same ni ke nan a Italiya. Tashar da ake cewa ta Rum ba a Rum take ba, a Cibitabekiya take, wajen kilomita 80 daga birnin, kuma daga can zuwa filin jirgin Fiyumicino tafiyar kusan awa guda ce a mota in hanya ta yi kyau. Cikin tashar ma sai ka hau bas ta fitar da kai bakin ƙofa. Ejan ɗin da ya haɗa min tafiya bai taɓa ganin teku ba, ya ga an rubuta Rum a nan, an rubuta Rum a can, ya yanka min tikitin 11 na safe. Ni kuma na bar musu kaya, launina bai fito ba sai 9 da wani abu, jakar Hajiya ta ɓuya a wani layi daban. Muna isa filin jirgi an rufe awon kaya, don yawancin jiragen ƙasa da ƙasa awa guda kafin tashi suke rufewa. Sabon tikiti na mutum biyu, da kwanan otal da ban shirya ba, da direban da ya je Kano tarbarmu ya kwana a mota. Da na kira ejan sai ya ce, "Ka yi haƙuri Alhaji, haka Allah ya ƙaddara." Ƙaddara gaskiya ce, amma kuɗin daga aljihuna ya fita.

Tun daga nan ba na karɓar tikitin da zai tashi kafin ƙarfe 2 na rana, kuma in da hali kwana ɗaya nake ƙarawa a garin. Kamfanonin da kansu suna cewa kada a ɗauki jirgin safe. Tashoshi sun bambanta, gaskiya. A Dubai, Mina Rashid kusa take da filin jirgi. A Barselona ma ba nisa. Amma tashar Sawthamton zuwa filin jirgin Hitiro a Ingila kusan awa ɗaya da rabi ne, Durban kuwa filin jirgin Sarki Shaka yana can arewa da gari kusan kilomita 35. Akwai kuma Jidda, inda kamfanin jiragen ruwa na MSC ya fara lodi a 2021, sannan kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara a Disamba 2024. A nan ƙarin kwana ma riba ne in bizarka ta ba ka damar shiga Makka. Ka tuna kuma sauka a Kano ko Abuja ba isowa gida ba ne, akwai sauran hanya, kuma ba na son kowa ya kamo ta da tsakar dare.

Wani abin da ke tsare mutum a bakin ƙofa shi ne bashi. Duk abin da ka saya a jirgi da katin ɗaki ake rubutawa, har da kuɗin hidimar ma'aikata da yawancin kamfanoni ke ɗorawa kullum. In katin bankinka ya ƙi, kuma katin naira ya saba yi wa mutum haka a waje, na'urar fita za ta ƙi ka, a mayar da kai teburin karɓar baƙi inda layi ya yi gwiwa. Ka je tun da yammacin jajibiri ka duba lissafinka layi-layi, ka biya, in ajiyar tsabar kuɗi ka yi ka karɓi canjinka.

Yanzu ga 'yan damfara, waɗanda su ne suka fi ci min rai. Na farko masu sayar da tafiyar a WhatsApp da Facebook, da hotunan da suka kwaso daga shafin kamfani, da farashi mai daɗi kamar na gwanjo. Za su turo maka takarda mai tambari har da sunanka. Takarda ba komai ba ce, yaron da ke shagon kwamfuta a Sabon Gari zai haɗa maka irinta kafin ka gama cin gyaɗar naira ɗari. Ka nemi lambar rajistar tafiyar, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka saka ta da sunanka, ka ga ɗakinka ya fito an kuma rubuta an biya duka. Wasu kafin alƙalami kawai suke biya don lambar ta fito, su cinye sauran, kamfani ya soke ɗakin kana tsaka da ɗinkin tafiya. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya, ko ya ce yau-yau za a rufe, ka riƙe aljihunka.

Na biyu masu ƙara maka wai kuɗin fita da wuri, ko kuɗin sallamar kwastan. Babu wani abu mai wannan suna da ake biya a Zariya ko Kaduna. Jan jakarka kyauta ne, na faɗa na sake faɗa. Na uku maganar biza. In jirgin zai fita daga ƙasashen Turai masu biza ɗaya da ake kira Shengen ya taɓa Tunisiya ko Turkiyya ya dawo, biza mai shiga sau ɗaya ba za ta ishe ka ba, kuma tun a bakin shiga za a tsayar da kai. Ejan mai neman kamishonsa ba zai gaya maka ba. Har akwai masu raɗa wa samari cewa su bi jirgin su sulale a wata tasha. Kowace fita da shiga da kati ake yi, kafin jirgi ya tashi an san wanda babu, sunansa kuma yana hannun hukuma.

Na huɗu suna jiranka a waje. Kana fitowa wani zai tare ka da murmushi, wani ma da kati a wuya, ya kama hannun jakarka yana cewa tasi. Ranar da na makara irin wannan na bi don ina sauri, ba mita a motar, muna isa ya faɗi kuɗin da ya ninka abin da muka yi magana, wai na farkon na mutum ɗaya ne ban da kaya. Jakunkunanmu na cikin but, agogo na tafiya, na biya. Tasin gaskiya a Italiya fara ce, da alama a samanta da lambar lasisi a jiki, kuma a layi take tsayawa, direbanta ba ya farautar fasinja. Ka gama ciniki kafin jaka ta shiga but, ka tambaya kuɗin na mota ne ko na kai, ka sa ya rubuta maka a waya ka gani.

Ɗan yayata ya kira ejan ɗinsa a gabana ya ce a mayar da tikitin washegari. Ejan ya ce canji sai an ƙara kuɗi. Na karɓi wayar na ce ya fara turo mana lambar rajistar jirgin ruwan tukuna. Ya ce yana kan hanya, in ya isa ofis zai turo. Yau kwana huɗu ke nan.