Gargaɗi ga masu motocin da aka mayar na gas: ku kula da masu tallar "sensa mai shiga kowace mota"

Jama'a, musamman direbobin haya da duk wanda ya mayar da motarsa mai amfani da gas na CNG ko ya sauya mata inji, akwai wata cuta da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp. Ana tallar sensar kiranshaf a cikin kwali mai sunan Denso ko Bosch, haɗe da wani ɗan baƙin akwati da suke kira "na ƙarin wuta". Wai tana shiga kowace mota, Corolla ce ko Golf ko Fijo 406, wai kuma zafi da ruwa ba sa yi mata komai. Sharaɗinsu ɗaya ne: ka tura kuɗi tukuna, sannan a ba direba saƙo a tasha. Kamfanonin da aka buga sunansu a kwalin ba su san zancen ba.

Tun daga kalmar "kowace mota" ƙaryar ta fito fili. Aikin wannan sensa shi ne ƙirga haƙoran wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a cikin inji, ta faɗa wa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, gudun inji da inda fistin yake, don ta san lokacin ba fulogi wuta da lokacin buɗe nozul. Faifan ba iri ɗaya ba ne. Na injunan Toyota irin su 1ZZ da 2AZ gurbi 36 gare shi, an cire haƙora biyu, saura 34. Na yawancin Volkswagen da Fijo gurbi 60 ne, an cire biyu. Ita kanta sensar kashi biyu ce. Akwai mai maganaɗisu da naɗin waya a ciki, wadda ke haifar da wutarta da kanta, yawanci waya biyu gare ta, wani lokaci da ta uku ta kariya. Akwai kuma wadda ake kira Hall, mai waya uku, wadda sai an ba ta volt 5 ko 12 kafin ta yi aiki. Ka sa wannan a gurbin waccan, mota ba za ta tashi ba ko za ka kwana kana murza makulli. Tsawon bakinta ma da muhimmanci, domin tazarar da ke tsakaninta da haƙoran wajen milimita ɗaya ce kawai.

Me ya sa masu motar gas suka fi faɗawa hannunsu? Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane suka yi ta kai motoci ana sa musu tukunyar gas. Gas bai kai fetur saurin kamawa ba, shi ya sa masu haɗawa ke ƙara wata 'yar na'ura da ke gaggauta wutar fulogi da 'yan digiri, kamar 6 ko 9 ko 12. Wannan na'ura a kan wayar sensar kiranshaf ake ɗaura ta. Mai aikin kirki yana amfani da soket da ya dace da motar. Mai aikin gaggawa kuwa sai ya yanke wayar, ya murɗa da hannu, ya naɗe da baƙin salatif ya rufe bonet. Bayan 'yan watanni zafi ya narkar da gam ɗin salatif, ruwan wanki ya shiga, tagullar ta yi kore. Sai mota ta fara fizga, ta mutu a cunkoso, fitilar cek ta kama, na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0335.

To a nan suke jira. P0335 ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi saƙon sensar bai iso daidai ba. Waya ce ta tsinke, soket ne ya yi tsatsa, na'urar gas ce ta lalace, duk lamba ɗaya za ka gani. Mai mota ya ji an ce "sensa", ya shiga waya ya ci karo da tallar, ya ga araha, ya tura kuɗi. Wani saƙon ba ya zuwa sam, lambar wayarsu ma a daina samunta. Wanda nasa ya iso kuwa, ya sa jabu a kan wayar da dama ita ce mai ciwon, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi kuma baƙin akwatin, wanda duk ya sa wuƙa ya ɓare shi ya ga waya ta shiga ta fita, an cika sauran da baƙin gam don ya yi nauyi, ya san abin da ya saya.

Akwai kuma masu yin ta ido da ido a bakin titi da na'urar bincike a hannu. Yaro ya sunkuya kamar yana duba fambel, ya zare soket ɗin sensa, a ce ka tayar. Mota ta ƙi, lamba ta fito a allo, a nuna maka da yatsa. A sa maka jabu, a mayar da soket, mota ta tashi, har ka yi godiya. Taka ta asali, lafiyayya, ta tafi aljihu, gobe a sayar wa wani a matsayin Beljiyam. Duk abin da aka cire a motarka, a miƙo maka shi a hannu kafin ka biya, kuma kada ka bar gaban bonet.

Kafin ka sayi komai, ga abin da mai rewaya na gari zai yi. Zai fara raba na'urar gas da layin. Masu kyau suna zuwa da wani ɗan soket na gaggawa da ke mayar da wayar yadda kamfani ya yi ta. Idan mota ta daidaita a kan fetur bayan an yi haka, sensarka ba ta da laifi. Sannan ya duba gudun inji a na'urar bincike lokacin da ake murza makulli: in ya ga kamar 200, saƙo yana isowa, in ya ga sifili, babu. Sai ya ɗauko mitar awon wuta ya auna om, wato yadda waya ke tauye wuta, a bakin sensar, ya sake aunawa a bakin ƙwaƙwalwa, yana girgiza wayar. Sensar Corolla mai injin 1ZZ tana ba da om 1,630 zuwa 2,740 in inji na sanyi. Ta Camry 2.4 ƙirar 2002 zuwa 2006 kuwa 985 zuwa 1,600. Kun ga ko a gidan Toyota ma ba ɗaya ba ne, balle a ce har da Golf. Mai waya uku irin ta Hall ba a auna ta da om, wutar da ke shiga da saƙon da ke fita ake dubawa.

Awon sanyi kaɗai ba ya wanke sensa. Naɗin wayar cikinta siriri ne kamar gashi, kuma na jabu yakan rabu in ya ɗau zafi, ya sake haɗewa in ya huce. Shi ya sa za ka ga mota ta tashi lafiya da asuba, ta mutu da azahar, a jira rabin awa ta sake tashi kamar ba ita ba. A gwada a teburi: a maƙala mita, a hura wa sensar iska mai zafi da na'urar busar da gashi. Lambar ta lafiyayya tana hawa a hankali. Ta jabu sai ta yi tsalle ko ta ɓace ɗungurungum. A kuma kanga sukundireba a bakinta, a kwatanta kamun maganaɗisunta da na tsohuwar. A kalli jikinta da kyau: rubutun da ke gogewa da yatsa, tsinin roba a gefen da aka haɗa, ƙafafun soket masu lanƙwashewa, zoben roba mai tauri kamar busasshiyar fata. Kwali dai ba shaida ba ne, kowa na iya buga shi.

In ta tabbata sensar ce, a saya da lambar da ke jikin tsohuwar, ko da lambar injin da ke cikin motar yanzu, ba sunan motar ba, tunda wasu an sauya musu inji. A je shago mai ƙofa, a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko ina, a yi sharaɗin dawowa, a karɓi rasit. Beljiyam ta asali da aka auna ta fi sabuwar da ba a san uwarta ba.

Wajen ɗaurawa, a cire kan batir, a goge ramin, a share garin ƙarfen da ya taru, a shafa wa zoben roba ɗan baƙin mai, a tura da hannu har ta zauna daram. Kada a ja ta da noti, kunnen robar zai tsage. A Toyota irin waɗanda aka ambata, notin mai kai 10 ne, ɗaurinsa kuma kaɗan ne, wajen Nm 9 a sifana mai awon ɗauri. Inda aka taɓa yanke waya a yanke ruɓaɓɓen wurin, a haɗa da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. A lura kada a juya wayoyin biyu, domin in aka juya su lokacin wuta yana gocewa, mota ta yi ta harbi ko ta ƙi tashi. Ragar ƙarfen da ke lulluɓe da wayar ba ado ba ce, ita ke tare hayaniyar wutar kwayil da altaneta. A haɗa ta da wayar ƙasa, wato "earth", ta gefen ƙwaƙwalwa kaɗai, ba gefe biyu ba.

Kariyar zafi da ruwa da masu tallar ke alkawari, a shimfiɗar waya ake samun ta. A bi hanyar da kamfani ya bi, a mayar da ita cikin maƙalanta, nesa da wayoyin fulogi da fule da fambel. Inda dole ta gifta kusa da salansa, a sa mata rigar zafi mai fuskar alminiyam, a bar tazarar ko da faɗin tafin hannu. Kada a ɗaure ta tamau, inji yana motsi a kan kujerunsa, a bar mata ɗan sassauci. Idan baƙin mai na ɗiga a kan soket daga murfin inji, a gyara yoyon, don mai yana cin roba. Masu wankin inji kuma a hana su saita bakin famfo a wurin. Bayan an gama a goge lambar, a bar inji ya yi zafi har fanka ta kama sau biyu, a zagaya da motar a kan fetur, sannan a mayar da na'urar gas a sake zagayawa, a kuma duba ko P0335 ta dawo.