Star Trek a faifan Blu-ray: tsabtar hoto ta tona asirin jirginmu

Karo na huɗu ke nan da Star Trek na asali, shirin talabijin na tafiye-tafiyen sararin samaniya wanda aka fara nunawa a Amurka a 1966, yake shigowa gidana ta sabuwar hanya. Na farko kaset-kaset ne na Yayana da ya naɗa da kansa daga talabijin, wasu ma babu farkon labarin saboda ya makara wajen danna maɓalli. Sai DVD. Sai na koma biyan kuɗin wata-wata a wata manhajar kallo ta intanet, har ranar da na buɗe ina tsakiyar zango na biyu na tarar sun kwashe shi, ko sallama babu. Haushin wannan ne ya sa na sayi akwatin Blu-ray mai faifai 20, zango uku, kashi 79. Na ce abin da ke kan kantata dai ba mai zuwa cikin dare ya ɗauke.

Ranar da ya iso na kira Yaya, don shi ya koya mini wannan jarabar. Bai tsaya shawara ba ya ce a sa "The Doomsday Machine". Kaset ɗin wannan kashin ne ya fi kowanne shan wahala a hannunmu, har na'urar ta taɓa tauna shi muka yanke wurin muka liƙe da salatif. Ga wanda ya manta: Enterprise, jirgin sararin samaniyar jaruman shirin, ya tarar da ɗan'uwansa Constellation a ragargaje, babu kowa a ciki sai shugabansa Decker, wanda ya sauke mutanensa a wata duniya don ya cece su, sai wata na'ura mai kamar ƙaton mazurari ta zo ta cinye duniyar da su gaba ɗaya.

Na danna abin da ya fara fito mini ban ko karanta ba. Constellation ya bayyana. Sumul, yana juyawa a hankali cikin tarkacen duwatsu, ga ramuka a jikinsa har ana hango ciki. Na waiga in ga murna a fuskar Yaya, sai na ga ya tsuke baki.

"Kai, wannan ba jirginmu ba ne."

"Shi ne mana Yaya, gyara shi aka yi da kwamfuta."

"Wa ya ce musu yana neman gyara?"

Abin da ya faru shi ne a 2006, lokacin da shirin ya cika shekara 40, an sake wanke fim ɗin, aka cire hotunan jirage da duniyoyi na da, aka zana sababbi da kwamfuta. Har kiɗan buɗewa an sake naɗa shi. Alherin wannan akwatin shi ne an bar maka zaɓi, tsohon ko sabon. Sai na koma na zaɓi tsohon, ina taƙama zan dawo wa Yaya da jirginsa.

Da ma ban yi ba. Abin da ya fito abin wasan yara ne, kuma ba zagi nake yi ba, gaskiyar maganar ke nan. A 1967 masu shirin ba su da kuɗin ƙera wani jirgin, sai suka ɗauko ƙaramin samfurin roba na Enterprise irin wanda ake sayar wa yara su haɗa, suka ƙoƙƙona shi, suka jujjuya lambobin 1701 suka zama 1017. A wurin da Kirk, kyaftin ɗin Enterprise, ke tura shi bakin na'urar, wurin da muke riƙe numfashi muna yara, jirgin sai kakkarwa yake yi kamar an rataye shi a igiyar shanya. Yaya ya yi dariya har da hawaye. Daga nan ya yi shiru. Can ya ce, "Wai da ma haka yake?"

Haka yake. Kaset na VHS hotonsa bai wuce kimanin layi 240 ba, ga talabijin ɗinmu ƙarama mai ƙusumbi, ga dishi-dishin naɗi. Rabin jirgin nan idonmu bai taɓa ganinsa ba, zuciyarmu ce ta ƙarasa ƙera shi. Yanzu an baje shi a layi 1080 a kan allo mai faɗin tabarma. Kuma bambancin ya fi fitowa ne saboda wuraren da mutane ke wasa an ɗauke su a fim mai milimita 35, wanda in an wanke shi tas yake fita, amma hotunan sararin samaniya sai an ɗora fim kan fim an kwafa sau da yawa, kowane kwafi na ƙara ƙura da hazo. Kana kallon fuskar William Shatner, wanda ya fito a Kirk, har kana ƙirga zufar goshinsa, sai a yanke zuwa jirgi, kamar an watsa wa allon toka.

Don in wanke kaina na sa "Space Seed". Nan ma aka ƙara mini. A faɗan Kirk da abokin gabansa Khan a ɗakin injin, duk sanda kyamara ta ja baya, wasu ƙarti biyu ne daban ke dambe, ba Shatner ba Ricardo Montalban da ya fito a Khan, ko kama babu. Shekara talatin ina kallon faɗan nan ban taɓa lura ba. Daren nan na kwanta da niyyar sayar da akwatin.

Bayan mako guda, ni kaɗai, na sake sa kashin Decker ɗin. Wannan karon na ƙyale jiragen na kalli mutumin. William Windom ne ya fito a Decker, kuma wallahi ban san ya yi wasa haka ba. Gemu ya tsiro ba aski, ido jawur, leɓe na rawa yana ƙoƙarin faɗin yadda mutanensa suka yi ta kiransa suna neman ceto, shi kuma ba yadda zai yi. A kaset fuskar nan dunƙulen inuwa ce kawai. Sai da na tsayar da faifan na ɗan numfasa. Ga kuma launi. A lokacin ana son jama'a su sayi talabijin mai kala, don haka aka yi ta haska bangon jirgin da shunayya da kore da ja, abin da kaset ya mayar mana ruwan ƙasa. Girar Leonard Nimoy kuwa, wanda ya fito a Spock mataimakin Kirk, in ya ɗaga ta, yanzu har ƙarshenta kana gani. A nan na yafe musu rabin laifin. Sauti ma akwai sabo mai lasifika da yawa, akwai na asali mai hanya ɗaya. Ni na asalin nake sawa, ya fi zauna mini.

Amma da na tuna jiragen sai raina ya sake ɓaci. Zanen kwamfutar 2006 ɗin shi ma ya tsufa, kuma tsufansa ya fi muni: wani wurin kamar wasan gem na da, jirgi ba nauyi, yana shawagi kamar takarda. Alhali babban samfurin Enterprise mai tsawon ƙafa 11, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington, duk da hazon da ke kansa, in ya gifta kana jin ƙarfe ne ya wuce. Da aka zo gyaran The Next Generation, wani shirin Star Trek da ya zo daga baya, tsakanin 2012 da 2014, komawa aka yi kan ainihin fim ɗin aka sake haɗa hotunan samfuran jiragen, shi ya sa nasu ya fita da kyau. Ni kuma an bar ni tsakanin roba mai kakkarwa da zane mara nauyi. Ga akwatin kansa, ciro faifai sai ka yi addu'a kada ya karce. Ga talabijin ɗina da ta dage sai ta ja hoton ya cika allo, ta mayar da Spock gajere mai tumbi, sai da na shiga saiti na dawo da shi murabba'insa da baƙin fili hagu da dama.

Ban sayar ba dai. Hasali ma zango na biyu ba ya wurina yanzu, Yaya ya zo ya ɗauke wai aro, yau wata biyu. Shekaranjiya da daddare ya kira ni, ko gaisuwa bai amsa ba.

"Kai, wane wuri ake dannawa tsohon jirgin ya dawo?"